Gyara Kayanka: Haɗarin Ɗora Keke Mai Ƙafa Uku Bisa Tirela

Kowa ya tsaya bakin hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Zariya ta nufi Kano, ba zai daɗe ba sai ya ga tirela ta wuce an jera mata baburan nan masu ƙafa uku, ruwan ɗorawa, sababbi ful, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Wani lokaci kuwa ba jeri ba ne, guda ɗaya ne ko biyu aka ɗora can bisa buhuna aka zarga musu igiya, ga kuma samari zaune a ciki suna shan iska sai ka ce waɗanda suka hau soro. Mai kallo ya kan yi dariya ya wuce. Mu kam abin ba ya ba mu dariya, domin mun san kowane ɗaya daga cikinsu gumin wani bawan Allah ne, galibi kuwa bashi ne wanda ba a gama biya ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne ta shafi masu karatunmu ƙwarai. Malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, waɗanda iyayenmu suka sani da ma'aikatan En'e, da yawa daga cikinsu sun mai da sayen keken nan abin rufin asiri. Wani adashi ya ke ɗauka, wani rance ya ke ci a ƙungiyar ma'aikata, ya saya ya ba wani yaro yana ja, yana kawo masa balas kullum. Har wa yau, in hukuma ta sayo kekuna don rabawa, akawu ne ke sa hannu a takardar karɓa. Saboda haka in aka yi ɓarna a hanya, ko aljihun mai karatu ne zai ji, ko kuwa sunansa ne zai ɓaci.

ASALINSA

Kafin mu shiga zancen haɗari, ya kamata mu san abin da mu ke magana a kansa. A shekarar 1948 kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fito da wani ɗan abin hawa mai ƙafa uku don ɗaukar kaya, ya sa masa suna Ape, watau ƙudan zuma, ƙanen babur ɗin nan nasu Vespa, watau zanzaro. Daga baya kamfanin Bajaj na Indiya ya sami izinin ƙera irinsa, a 1977 kuwa ya fito da samfurin da aka mai da injinsa baya. Mai karatu ya riƙe wannan batu na inji a baya, gama za mu komo kansa. Kekunan da suka cika titunanmu yawancinsu daga Indiya su ke, na Bajaj da na TVS.

A Nijeriya, a Ikko, watau Legas, aka fara saninsa sosai, zamanin da Muhammadu Buba Marwa ya ke mulkin jihar daga 1996 zuwa 1999, shi ya sa can su ke ce masa Keke Marwa. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaƙi da talauci mai suna NAPEP, wanda ya rarraba kekunan cikin ƙasa, sunan Keke Napep ya bi su. A Kano kuwa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo su a 2005 don ɗaukar mata, jama'a suka laƙaba musu sunan shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Da aka hana acaɓa a birnin Kano cikin watan Janairu na 2013, sai keke ya gaje sana'ar duka.

To, keke ba ya iya kai kansa inda a ke bukatarsa. Galibin sababbi ta jirgin ruwa su ke isowa Ikko a wawwarware, a harhaɗa su, sa'an nan a ɗoro su zuwa Arewa. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 1000 ce, watau mil 600 da 'yan kai, ko an bi ta Badun da Ilori a haye Kwara a Jebba, ko an zaga ta Lakwaja da Abuja. Ba mai hankalin da zai tuƙa sabon keke wannan tafiya. Ban da sababbi kuma, akwai wanda aka yi wa canjin wurin aiki zai tafi da nasa, da wanda ya saya a birni zai kai ƙauye, da wanda nasa ya lalace a hanya. Duk waɗannan tilas su ɗora shi bisa wata mota.

BA BABUR BA NE, BA MOTA BA CE

Tushen ɓarnar duka shi ne masu lodi su kan ɗauki keke ko dai tamkar babur ko tamkar ƙaramar mota, alhali kuwa shi ba ɗaya ba ne daga cikinsu. Nauyinsa tsakanin kilo 300 ne da 400. Mu ce 350, watau buhun siminti bakwai. Tsawonsa ya ɗara mita biyu da rabi kaɗan, faɗinsa wajen mita 1.3, tsayinsa kuwa wajen mita 1.7. Ashe ya fi ƙarfin a tallabe shi kamar babur, bai kuwa kai nauyin da zai zauna daram kamar mota ba.

Abubuwa uku ne suka bambanta shi. Na farko, ƙafafunsa uku ne, ɗaya a gaba, biyu a baya. Wani zai ce ai tukunya ma bisa duwatsu uku ta ke zama ba ta faɗuwa. Gaskiya ne, amma murhu ba ya tafiya. Keke in an tura shi ta baya ko ta gefe sosai ya kan jure, amma in turin ya zo a karkace, ta kusurwar gaba ta dama ko ta hagun inda ba taya, nan da nan sai ya kife. Irin wannan turi kuwa shi ne daidai wanda a ke samu sa'ad da direba ya taka birki cikin kwana. Na biyu, injinsa da mafi yawan nauyinsa a baya su ke. Na uku, yana da rumfa doguwa marar nauyi, wadda iska ke kamawa. Kowane haɗari da za mu ambata daga ɗayan ukun nan ya ke fitowa.

HAWA DA SAUKA

Sau da yawa tun tirela ba ta tashi daga tasha ba a ke yin ɓarna. Babur katako ɗaya ya ishe shi hawa, mota katako biyu. Keke kuwa sawu uku ya ke bi, domin tayar gaba a tsakiya ta ke, ba ta bin sawun na baya. In aka kafa katako biyu, tayar gaba ba ta da wurin takawa, sai ka ga 'yan dako sun ɗaga goshin keke a hannu suna turawa. Ƙafar mutum ɗaya ta zame, buhun siminti bakwai ya komo kan sauran. Saboda haka ko a sa katako uku masu kauri, ko faffaɗan dandamali guda, kuma a ɗaure kan katakon da jikin mota don kada ya zille.

Tayoyin keke ƙanana ne, cikinsa kuwa kusa ya ke da ƙasa. In katakon gajere ne hawan ya yi tsaye, cikin keke ya kan daki bakin bodi, salansa ta lanƙwashe ko gindin inji ya tsage, mai shi ba zai sani ba sai ya ga baƙin mai yana ɗiga. Magani shi ne a sami dogon katako, ko a ja tirela a jingina bayanta da tudu yadda hawan zai kwanta. Kada kuma a yarda yaro ya ta da inji ya hau da gudu don nuna gwaninta. Gara a kashe inji a ja da igiya daga sama, ana bi da weji a bayan taya, kada kowa ya tsaya daidai bayansa. Ranar sauka ma haka, har ta fi wuya, domin lokacin an gaji, galibi kuma dare ya yi, kowa yana alla-alla ya tafi gida. Sauri kuwa shi ke haifar nawa.

NAUYI BA YA RIƘE KAYA

Akwai wata magana da yaran mota su ke yawan yi, wai kaya mai nauyi shi ke riƙe kansa. Wannan kuskure ne babba. Sa'ad da tirela ke gudu, duk abin da ke bisanta gudun nan ya ke yi. In direba ya taka birki, tirela ce birkin ya kama, kaya kuwa ba abin da ya kama su, sai su ci gaba da tafiyarsu. Gwargwadon nauyin kaya, gwargwadon ƙarfin da za su yi gaba da shi.

Masana a Turai da Amurka sun auna wannan abu har sun mai da shi doka. Ƙa'idarsu ita ce, lalle ɗauri ya iya tare turin da ya kai kashi 8 cikin 10 na nauyin kaya ta wajen gaba, da rabin nauyin ta gefe da ta baya. Malaman lissafi sai su gwada da kekenmu mai kilo 350. Ta gaba zai yi turin kilo 280, ta gefe kuwa kilo 175. In kekuna goma ne aka jera, na baya yana jingine da na gabansa, ba a ɗaure kowanne da kansa ba, to na kan gaba shi zai sha turin da ya kusa tan uku. Daga nan ne a ke samun goshi ya lotse, fitila ta fashe, ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karkace. Keken da ƙarfen nan nasa ya karkace kuwa, ko an miƙe shi, ya kan riƙa ja gefe guda yana cin taya.

Wani zai ce ai an ja birkin hannu, an kuma bar shi cikin giya. Madalla, a yi haka, amma ba su isa ba. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai ya ke kamawa, kuma hana su juyawa ya ke yi, ba ya hana su zamewa. Daɓen tirela in na ƙarfe ne santsi gare shi, balle in ruwan sama ya taɓa shi, ko baƙin mai ya zuba, ko kuwa motar shanu ce ta sauke a Kudu ta juyo ba a wanke ta ba. Bugu da ƙari, duk ramin da tirela ta faɗa, keke ya kan yi tsalle, a wannan ƙiftawar ido kuwa ba abin da ke haɗa tayarsa da daɓe. Da haka ya ke matsawa kaɗan-kaɗan har ya kai bakin bodi.

INDA A KE ƊAURI

In mun yarda ɗauri ne ke riƙe kaya, saura mu san abin ɗauri da wurin ɗauri. Robar nan da a ke yankowa daga tsohuwar taya ta isa ɗaure buhun gawayi a bayan babur, amma ba ta isa keke ba, domin miƙewa ta ke yi. Igiyar leda ma tana miƙewa, ƙullinta kuma yana zamewa. Abin da ya dace shi ne bel ɗin nan mai faɗi mai ƙugiya da ƙarfen tamkewa, wanda a ke rubuta iyakar nauyin da zai ɗauka a jikinsa. Mai kaya ya karanta rubutun, ya kuma duba ko bel ɗin ya tsage ko rana ta cinye shi. Kowane keke ya sami bel huɗu ko fiye, biyu suna jansa gaba, biyu suna jansa baya, kowanne a karkace zuwa kusurwar daɓe, yadda za su tare shi ta kowace fuska.

Wurin ɗauri kuwa shi ne inda aka fi yin kuskure. Hannu ya fi saurin kaiwa ga sandunan rumfa, to amma bututu ne marasa kauri, an yi su don riƙe tamfol ne kawai, da an tamke su sai su lanƙwashe. Kan keke ma, watau abin tuƙi, ba wurin ɗauri ba ne. Sai a nemi shasi, ko kuwa tayoyin kansu, a kuma kula kada bel ya danne tiyon birki ko wayar lantarki. Inda bel ya bi ta kan ƙarfe mai kaifi a sa tsumma ko roba a ƙarƙashi, in ba haka ba girgizar hanya za ta yanke shi kamar da zarto.

Ga wani sirri wanda ba kowa ya lura da shi ba. Jikin keke bisa sifirin ya ke zaune. In a jiki aka yi ɗauri, duk sa'ad da aka faɗa rami sifirin ya kan matse, jiki ya yi ƙasa, bel ya saki, ƙugiya ta fita daga maƙalinta. Direba yana can gaba bai san kayansa sun kwance ba. Don haka ɗaure tayoyi ya fi, domin su ba sa yin sama da ƙasa, jiki kuwa a bar shi ya yi ta lilonsa. In tilas sai a shasi za a ɗaure, a tamke har sifirin ya ɗan matse, amma kada a danne shi ƙurmus. Tayar gaba a kafa ta tsakanin weji biyu da aka buga da ƙusa, a kuma miƙe kan keke a ɗaure shi kada ya juya, gama in ya juya, keke ya sami hanyar kifewa ke nan.

Ɗauri kuma ba a yinsa sau ɗaya a manta. A Amurka doka ta tilasta wa direba ya tsaya ya duba kayansa kafin ya cika mil 50 na farko, watau kilomita 80, sa'an nan ya sake dubawa bayan kowace awa 3 ko mil 150. Hanyoyinmu kuwa ba su fi nasu laushi ba.

ISKA DA RUMFA

Keke ba ya cika wuce kilomita 60 a awa ba, gwargwadon haka kuwa aka yi rumfarsa da gilashinsa. Ƙarfin iska ba ya tafiya daidai da gudu, in gudu ya ninka sau biyu, turin iska sau huɗu ya ke ninkawa. Tirelar da ke kilomita 90 a awa tana sa rumfa ta sha iskar da ta fi ninki biyu na wadda ta saba. In kuwa an juya keke yana duban baya, iska za ta riƙa dukan rumfa ta inda ba a shirya mata ba, ta kumbura tamfol, ta yage ɗinki, ta kuma tura gilashi ta ciki, wajen da ba shi da abin tokara. Gilashin da ya fita daga mazauninsa bisa babbar hanya, kan mai bin baya zai sauka.

Saboda haka in motar buɗaɗɗiya ce, keke ya dubi gaba. In tafiya mai nisa ce, cire tamfol a naɗe shi ya fi, tare da madubai da kujerun da ba a ɗaure su ke ba. Wanda aka ɗora bisa buhuna kuwa haɗarinsa biyu ne. Buhu ba daɓe ba ne, yana lotsewa yana gocewa, ɗauri ya saki. Sa'an nan tsayin keke ya hau kan tsayin kaya, ga wayoyin lantarki da suka ratsa titunan garuruwa, ga rassan itatuwa, ga gadojin sama. Nauyin da aka kai sama kuma yana ƙara wa motar kanta saurin kifewa a kwana.

ƘARAMAR TIRELA

Akwai kuma ƙaramar tirela mai ƙafa biyu wadda a ke maƙalawa bayan ƙaramar mota ko a-kori-kura. Wanda zai ɗauki keke guda ya kan ga ta fi sauƙi, amma tana da nata sharri. Ƙa'idarta ita ce mafi yawan nauyi, wajen kashi 60 cikin 100, ya kasance gaban ƙafafunta, har ƙugiyar da ta haɗa ta da mota ta ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin duka. In tirela da keke sun haɗa kilo 600, ƙugiya ta ɗauki tsakanin kilo 60 da 90.

Nan ne batun injin baya ya ke komowa. Mun ce keke ya dubi gaba saboda iska, to amma in ya dubi gaba, nauyinsa yana wajen wutsiyar tirela. In tirelar gajeriya ce, inji zai zauna bayan ƙafafunta, ƙugiya ta yi sakayau. Da an kai wani gudu sai tirela ta fara kaɗa wutsiya dama da hagun, kaɗawar tana ƙaruwa, har ta fizge bayan motar da ke janta ta jefa su daji. Dabara ita ce a tura keke gaba har tayoyinsa na baya su zo daidai kan ƙafafun tirela ko su ɗan wuce. In tsawonta bai isa haka ba, a cire tamfol da gilashi a juya shi, ko kuwa a nemi wata tirela. Gwaji mai sauƙi shi ne, kafin a maƙala, mutum ya gwada ɗaga ƙugiya. In ta tashi da hannu ɗaya ba wuya, lodin bai yi ba.

In kuwa kaɗawar ta fara a hanya, kada direba ya danna birki da ƙarfi, kada kuma ya yi kokawa da sitiyari. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sosai, har gudu ya ragu da kansa, sa'an nan ya tsaya ya gyara lodi. Kada a manta da sarƙa biyu tsakanin mota da tirela don ko ƙugiya ta fita, da kuma fitilun baya masu aiki.

MAI DA WUTA

Tankin keke yana cin wajen lita 8 na fetur. Ba shi da yawa, amma ya isa ya cinye tirela da abin da ke kanta. Masu lodi, don son cusa kaya da yawa, su kan ɗaga goshin wani keke su ɗora bisa na gabansa, ko su kwantar da shi a gefe. In an yi haka fetur ya kan tsiyaye, ruwan batir ya zuba ya ci ƙarfe, baƙin mai kuma ya gangara inda ba wurinsa ba cikin inji. Tartsatsi ɗaya daga kan batir, ko guntun taba daga yaron mota, shi ke nan. Saboda haka a zuƙe fetur, a cire kan batir, keke kuma ya tsaya bisa ƙafafunsa uku. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kekuna masu aiki da iskar gas sun fara yawa. Irin waɗannan a rufe bakin tukunyar gas tun kafin a ɗora. Wanda kuma aka kawo masa keke a kwance, kada ya yi garajen ta da shi. Ya bari ya tsaya tukuna, makaniki ya duba mai da fulogi, domin baƙin man da ya taru a kan fistin yana iya lanƙwasa ƙarfen inji a bugun farko.

MUTANE BISA KAYA

Duk abin da muka faɗa a baya hasarar dukiya ce, ana kuwa mayar da dukiya. Wannan kam ta rai ce. Don gudun kuɗin mota, yaron da zai ja keke ya kan zauna cikinsa bisa tirela, wani lokaci har da abokansa. Yadda abin ya yi yawa, a watan Agusta na 2019 an tare wata babbar mota a Ikko ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 tare da babura 48. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan haɗa mutane da kaya da dabbobi cikin mota ɗaya. Dalili a fili ya ke. Wanda ke zaune cikin keke bisa tirela ba shi da abin kamawa sai abin da shi kansa zai iya tashi. In an yi karo ko an kife, ko a yi jifa da shi, ko ƙarfe ya danne shi. Malamin da ya bar ɗan wani ya hau kaya don ya tsimin kuɗin mota, da wane ido zai dubi iyayen yaron in aka kawo mugun labari? Kada garin neman gira a rasa ido.

WA ZAI BIYA?

A ce wani malami ya ci rance ya sayi keke, ya ba da shi a tasha da baki kawai, ya komo gida yana jira. Bayan kwana uku aka sauke masa shi gilashi a fashe, rumfa a karye. Direba ya ce haka aka ba shi, mai sayarwa ya ce lafiya lau ya fita daga hannunsa, ɗan kamasho ya ce shi haɗa su kawai ya yi. Ƙarshen wata kuwa za a yanki albashi, ko keke yana aiki ko ba ya yi.

Akawu ya fi kowa sanin maganin wannan, watau takarda. Kafin a ɗora, a rubuta lambar shasi da ta inji, da lambar motar da za ta ɗauka, da sunan direba, da halin da keke ke ciki, a ɗauki hotonsa ta kowane gefe, mai kaya da mai mota su sa hannu gaban shugabannin tasha. Rasit da takardun kwastan su bi kaya, don kada a tsare shi a hanya bisa zargin sata, amma mai shi ya riƙe kwafi. A kuma sani inshorar nan ta dole da kowace mota ke yi, mutanen waje ta ke karewa, ba ta biyan kayan da ke bisa motar. Kaya a hanya inshorarsu dabam ce, hukumar da za ta ɗauko kekuna da yawa kuwa bai kamata ta yi sakaci da ita ba. Mai karɓa kuma kada ya sa hannu da dare. Ya bari gari ya waye ya duba ɗaya bayan ɗaya.

Ba mu ce direbobi da yaran mota mugaye ba ne. Da yawansu sun san aikinsu, suna kuma riƙon amana. Amma su lodi da yawa da isa da wuri ne ribarsu, mai keke kuwa isa lafiya ce tasa, saboda haka shi ya kamata ya tsaya a kan kayansa, ko ya wakilta wanda ya san abin da zai duba. Kuɗin bel huɗu da katako uku da kujerar yaro a motar fasinja ba su kai kuɗin gyaran keken da ya faɗo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, a tanadi waɗannan tun kafin a je tasha. In mai kaya ya ce a sake ɗauri, kada direba ya ji haushi, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna roƙon malamai su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, musamman matasan da ke jan kekunan nan. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa abin da aka saya da gumi ya iso lafiya, amin.